Igiyar Gugan Dada

Shekarar da aka turo ni Jalingo koyar da kimiyya, na kama ɗaki a unguwar Sintali, a gidan wata tsohuwar Bafulatana da kowa ke kira Dada, wato uwa. Gidan ba famfo, sai wata rijiya mai zurfin gaske a tsakar gida. Ni kuwa 'yar bariki ce, murɗa famfo kawai na sani. Ban taɓa riƙe guga ba sai a gidan nan.

Idon Dada ya riga ya yi yana, inuwar mutum kawai take gani. Duk da haka ba ta yarda kowa ya ja mata ruwa. Ɗanta, wanda ke aikin gwamnati a Yola, hankalinsa bai kwanta da wannan ba. Sati na farko ya zo ya same ni ina shara, ya ce, "Malama, don Allah ki sa mini ido a kanta. Ƙarshen wata zan dawo. In kin ce akwai haɗari, murfi zan sa wa rijiyar nan da kwaɗo, mabuɗin yana hannunki." Dada na kan tabarma tana tsinkar zogale, duk tana ji. Ni kam raina ya ɓaci, daga zuwana an mayar da ni 'yar sanda.

Sa idon ma bai yiwu ba da farko, don ni ce abin kallo. Gugan na robar taya ne, in ka zura shi sai ya zauna a kan ruwa abinsa, ya ƙi nutsewa. Na saki igiya da yawa, na yi ta girgiza ta da hannu biyu har kafaɗata ta ƙage. Guga ko gezau.

"Malama, kana dambe da igiya ne?" in ji Dada. Haka Hausarta take, mace da namiji duk kai ne.

Ta lallaɓo ta karɓa. Ta ɗan jawo igiyar har ta miƙe, ba ta ɗaure tamau ba, ba ta kuma yi sako-sako ba. Sai ta karkaɗa wuyan hannunta sau ɗaya tak. Na leƙa, na ga wata lanƙwasa ta bar hannunta ta bi igiyar a guje kamar maciji, ta shige duhu. Shiru na ɗan lokaci, sai na ji ɓulum, guga ya kife.

Wallahi kunya ta kama ni, don a satin nan na zana wannan lanƙwasar da alli a allo. Na gaya wa ɗalibai cewa haka igiyar ruwa take tafiya, haka sauti: motsin ne ke wucewa gaba, shi abin da ya motsa yana nan inda yake. Suka kwafa, na sa musu maki. Ashe ni ma hadda ce na yi, ban taɓa tsayawa na gani da idona ba.

Daga ranar rijiyar nan ta shiga raina. Na yagi jan ƙyalle na ɗaura a tsakiyar igiyar, na roƙi Dada ta sake karkaɗawa. Lanƙwasar ta zo, ƙyallen ya yi gefe ya dawo wurinsa, ita kuma ta wuce ƙasa. Ko taƙi ɗaya bai sauka ba. To mene ne ya sauka har ya kifar da guga? Ƙarfin hannunta ne, kowane yanki na igiyar yana miƙa wa na ƙasa da shi. Na gane kuma abin da ya kayar da ni: igiyar da aka saki sako-sako ba ta iya miƙa komai, motsin a hanya yake mutuwa. Da na ja ta da ƙarfi sai lanƙwasar ta ƙara gudu. Da igiyar ta jiƙe ta yi nauyi sai ta rage. Sau biyu ina makara makaranta a kan wannan gwajin, Dada tana ta yi mini dariya, wai gwamnati ta turo musu malamar wasa da igiya.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Ni sai na leƙa nake sanin guga ya cika, ita kuwa ba ta gani, kuma ban taɓa ganin ta jawo rabi ba. Na tambaye ta.

"Yana gaya mini," in ji ta.

"Wa?"

"Kawo hannu."

Ta ɗora yatsuna a kan igiyar ƙasa da nata, ta ɗan karkaɗa, ta ce in yi shiru. Can sai na ji wani abu ya hauro ya ƙwanƙwashi yatsuna. Motsin da ta aika ne ya je ya bugi guga ya juyo, kamar yadda murya ke dawo wa mutum in ya yi kira a gindin duwatsun Kona da ke bayan gari. Ta ce in guga na shawagi amsar ba ta da ƙarfi, wani lokaci ma ba ta zuwa. In ya nutse ya yi nauyi, igiya ta miƙe, amsar tana zuwa da sauri, a tsaye. Ta ce da rani ma ta haka take sanin ruwa ya ja baya, don amsar takan daɗe. Kai jama'a! Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba. Na ji ina sonta har raina, na kuma ƙudurta ba wanda zai raba ta da rijiyarta.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, da safe ina bakin ƙofata da aswaki a baki. Dada ta sunkuya za ta kama guga, ƙafarta ta taka gansakuka a daɓen bakin rijiya ta zame. Gwiwarta ta bugi bakin, ƙirjinta ya tafi cikin ramin, hannu ɗaya ne ya tare ta. Ko ihu ban iya yi ba. Ta miƙe a hankali, ta gyara zani, ta tsaya tana saurare.

"Malama, kana nan?"

"Ina nan, Dada."

Ta juye ruwanta a tulu ta tafi tana ɗingishi.

Ranar Asabar ɗan ya iso. Muka zauna a ƙarƙashin mangwaro, Dada na gefe a kan tabarma. Ban bari ya tambaya ba, na hau yi masa lacca: lanƙwasa, ƙyalle, amsar da ke dawowa, yadda hannun uwarsa ya fi idona sanin rijiyar. Duk gaskiya ce, kuma na san ina yi ne don in cika wurin da magana.

Ya saurara har na gaji, sannan ya ce, "Malama, ban gane ko ɗaya ba. Ta taɓa zamewa?"

Na dubi Dada. Fuskarta na wajena, hannuwanta a cinya.

"Sau ɗaya," na ce. "Ranar Talata. Saura kaɗan."

Ya sunkuyar da kai ya yi salati, ya tashi ya fita neman mai waldar da zai haɗa murfin. Ni kuma na ji kamar in nutse a ƙasa.

Dada ta miƙe, ta lallaɓa har bakin rijiya, ta kwance igiyar daga jikin turken da ake ɗaure ta. Ta naɗe ta a gwiwar hannu a tsanake, kamar yadda take yi kullum, ta zo ta ajiye mini a cinya.

"Da ka yi ƙarya, da na daina amsa gaisuwarka," in ji ta. "Amma yau kam kar ka gaishe ni."

Ta shiga ɗaki ta saki labule.