Kwamfutar da Muka Zana a Allo

Shekarar da nake ajin ƙarshe na sakandare aka kawo wa makarantarmu kwamfutoci. Na hango motar da ta kawo su daga bakin kwatar ruwan da ke gangarowa daga dam ɗin Goronyo, ƙafafuna cikin taɓo, ina buɗe wa albasar Baba ruwa. A lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya, inda kowane saurayi yake da ofis mai sanyi da kujera mai juyawa. Ranar na ga kaina a irin wannan kujerar a Sakkwato, yatsuna suna yawo a kan madannan kwamfuta, wata kyakkyawa tana sallama a bakin ƙofa.

Baba ya amince in zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda aka mayar ta kwamfuta, amma da sharaɗi.

"Sau guda za ka yi ta," in ji shi. "In ba ka ci ba, ga fadama nan. Ni gwiwata ta gaji."

Shugaban makaranta mutum ne mai tsoron amana. Ya sa aka jera kwamfutocin a ɗaki, aka lulluɓe kowace da atamfa kamar kayan amarya, ya rataya makullin a wuyansa. Sai an yi baƙi ake yaye su. Malaminmu na kwamfuta ya yi roƙon duniya.

"Ranka shi daɗe, mi za su koya in ba su taɓa ba?"

"In sunka lalata fa, wa zai biya? Kai?"

Da ya rasa yadda zai yi, Malam ya ce kowa ya zo da allonsa na makarantar allo. Muka wanke, muka zana madannan da tawada, layi-layi. Muka haddace haruffan da rera murya yadda muka saba hadda. In ya kira harafi, kowa ya danne shi da yatsa, kuma ba ka ɗagawa sai ya zagayo ya duba ka dace. Mu da yawa ne, har yatsa ya yi tsami kafin ya iso.

"Kai mai littafin soyayya, danne da kyau! Ba hannun budurwa ne ba!"

Aji ya kwashe da dariya. Na danne har farcena ya yi fari. Na fi kowa iyawa, har Malam yana misali da ni.

Ranar jarrabawa a Sakkwato na zauna gaban kwamfuta a kunne, karo na farko a rayuwata. Sanyin ɗakin daidai yake da na mafarkina. Aka ce kowa ya shigar da lambarsa. Na sa yatsa a kan bakwai, na danne, na tsaya jira. Sai ga bakwai suna gudu a jere kamar an fasa kwata, sun cika gidan lambar sun wuce. Na ɗaga, na danne ta gaba, ita ma haka. A allona babu madannin gogewa. Malam bai ga amfanin mu zana shi ba, tunda allo ba ya kuskure.

Na ɗaga hannu, amma masu ɗaga hannu suna da yawa. Kafin mai tsaron jarrabawa ta iso gare ni, agogon bango ya yi nisa.

"Ɗan'uwa, taɓawa ake yi kawai, ba a dannewa," ta ce, ta goge da yatsa ɗaya.

Daga nan tsoron madannan ya kama ni. Tambayoyin da na san amsarsu sarai nake kallo, na kasa taɓa madanni. Ban kai rabi ba lokaci ya cika, fuskar kwamfutar ta rufe.

Da sakamako ya fito Baba bai yi faɗa ba. Yana zaune a bakin rumbun albasa, ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo mini fartanyarsa.

"Gobe ruwan namu ne, ɗana. Ka yi sammako."

Har yau ni nake buɗe kwatar. Allon yana rataye a ɗakina, tawadar ta koɗe, gurbin bakwai ya ɗan lotsa. Bara na raka ɗiyata makarantar, na leƙa ta tagar ɗakin. An canza atamfar, sabuwa ce mai furanni.