Fitilar da na rataya wa Baba

Zauren gidanmu a Ƙofar Kwaya ba shi da taga. Ko da rana tsaka ka shigo, sai ka tsaya idonka ya saba kafin ka ga inda za ka sa ƙafa. A nan Baba ya yi shekarunsa yana aikin allura a wuyan manyan riguna, ƙarƙashin wani dogon ƙwan lantarki irin na da, wanda in an kunna shi sai ya yi ta ƙifce-ƙifce yana ƙugi kafin ya yarda ya kama. In ya ƙi, Baba ya miƙe ya murɗa 'yar sitatar da ke jikin ƙwan da yatsa biyu, ya ce masa, "To, sarkin gardama."

Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, har na girma. Da na samu aiki a sashen lantarki na wata makarantar koyon fasaha, sai ya samu mafita, ya koma ce mini Injiniya.

Aikina a wurin binciken haske ne. Mukan jera ƙananan ƙwayoyin LED a kan faranti, mu lanƙwasa gwangwanin alminiyam a bayansu don ya turo hasken gaba, mu rufe da farar roba don kada ya soki ido, sannan mu auna da mita. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Kullum na shiga zaure na ga tsohon ƙwan nan yana rawa sai raina ya ɓaci, a ce uban mai binciken haske ne ke zaune a ƙarƙashinsa. Na yi sati uku ina haɗa wa Baba fitila, na haɗa mata batir saboda ɗauke wuta, ran wata Asabar na kawo na sauke dogon ƙwan na rataya tawa.

Zaure ya yi fari tas, har tsagar bango ta fito. Baba ya daɗe yana kallon sama. Daga nan ya leƙa waje ya kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. "Ku zo ku gani hwa. Injiniya ya yi ta da hannunshi." Ban taɓa jin ya yabe ni a gaban mutane ba sai ran nan.

Abin da na sani kuma ban kula ba shi ne, ƙwayoyin da na sa masu araha ne. Asalin haskensu shuɗi ne, an shafa musu wata hoda ya koma fari, kuma ja ya yi ƙaranci a cikinsa. Mita ƙarfin haske take aunawa, ba ruwanta da launi. A ƙarƙashin irin wannan fitila, zare ruwan hanta da zare ruwan ƙasa kusan abu ɗaya ne.

Ina zauren ranar da wani Alhaji daga Ƙofar Kaura, wanda ya daɗe yana kawo wa Baba aiki, ya dawo da rigarsa. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya warware ta cikin rana, maƙwabta na zaune a dakali. Rabin aikin ruwan hanta ne, ɗaya rabin ruwan ƙasa, sun haɗu a tsakiyar ƙirji.

"Malam, mi ya hwaru? Ban san ka da haka ba."

Baba ya karɓi rigar ya duba. Ya ɗaga kai ya kalli fitilar, kallo ɗaya, sannan ya mai da idonsa ƙasa.

"Idona ne, Alhaji. Girma ya zo. A yi haƙuri, ni warware in sake."

Na san ba idonsa ba ne. Maganar tana bakina a shirye, da bayaninta duka, irin wanda nake yi wa ɗalibai a aji. Amma sai na tsaya ina kallon takalmin Alhaji, ina jin kunya, kuma kunyar kaina nake ji, ba ta Baba ba.

Magana ba ta daɗewa a unguwarmu. Kafin wata ya ƙare kowa ya ji cewa idon Malam ya tafi. Masu kawo riguna suka riƙa zuwa gaisuwa hannu sake, su tambayi jiki, su ba da shawarar asibiti. Na ɗauko dogon ƙwan daga bayan ƙyaure zan mayar, ya hana ni.

"Bar ta nan. Mutane sun san kai ka yi ta."

Na ce to zan haɗa wata da ƙwayoyi masu kyau. Na yi odarsu, suka daɗe ba su iso ba, da suka iso jarrabawa ta taso, bayan jarrabawa wani abu ya taso. Gaskiyar ita ce ba na son shiga zauren. Nakan gaishe shi daga tsaye in wuce ciki wurin Inna. Yana nan zaune da 'yar riga ɗaya ko biyu na dangi, yana ɗinki a hankali a ƙarƙashin farin hasken.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke shi. Na yi duk abin da ɗan fari ke yi, na karɓi gaisuwa, na amsa addu'a, ban ji komai ba. Mutane suna cewa na yi tawakkali. Ni dai kamar an yi mini allurar kashe zafi ne, ina ganin ana taɓa ni amma ba ya isowa.

Bayan sadakar arba'in Inna ta ce in kwashe kayan zaure. Na zo da sabuwar fitilar, don na gama ta a makon da ya rasu, ban san abin da zan yi da ita ba. Na rataya, na kunna, na buɗe akwatin zarensa.

Kowane ƙullin zare an ɗaura masa 'yar takarda, da rubutun ajami na hannun Baba. Ruwan hanta. Ruwan ƙasa. Makuba. Inna, tana tsaye a ƙofar ciki, ta ce tun bayan rigar Alhaji kullum da hantsi yakan fitar da akwatin tsakar gida, inda maƙwabta ba za su gani ba, ya duba zaren a rana ya rubuta, sannan ya koma ya zauna ƙarƙashin fitilata.

Na ɗauko su ɗaya-ɗaya ina dubawa a sabon hasken, har na kai ƙasan akwatin. Ko ɗaya bai kuskure ba.