Garejin da Ya Kalli Filin Soja

Ban taɓa mantawa da ranar da aka aiko daga Bawku cewa Alhaji Seidu na nemana da gaggawa ba. Ina Yendi a kan ginin wani shago, farkon daminar 1989. Na wanke hannu, na sa rigar Juma'a, ina ta murmushi a cikin lori, wai ni za a ba sabon aiki.

Ni haifaffen Salaga ne. Boko aji biyu na yi, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. A Yendi na koyi gini, daga ɗaukar kwanon kwaɓi har na zama mai riƙe igiya, ana ce mini Masta Mumuni. Ga wanda ba magini ba: kafin a haƙa harsashi, sai a kafa turaku, a ja igiya, a zuba toka a kan layi, a ga inda ɗaki zai zauna, inda ƙofa za ta kalla, inda mota za ta bi. Aikin wuni ɗaya ne, amma abin da ka ɓata a ranar, jikokin mai gida za su gaje shi.

Alhaji Seidu falken albasa ne, mun san juna tun Salaga. Shekara guda kafin wannan saƙo ya kai ni Bawku in fitar masa da gida: ɗakuna shida, zaure, da gareji, don ya sayi mota. Ya miƙo mini takardar filin da safiyo ya zana, ga layuka, ga lambobi, ga hatimi. Na ɗaga ta sama, na gyaɗa kai, na ce, "Hmm, daidai." Wallahi hatimin kaɗai na gane. Na ninke ta na cusa a aljihu. Masta guda zai tsaya gaban leburori ya ce bai iya takarda ba?

Kuma me zan yi da takarda, ga idona? Kudu da filin ga hanya shimfiɗe, kekunan jaki na bi, lorin albasa na bi, mata na wucewa kasuwa. Arewa kuwa ciyawa ce da juji da awaki.

"Masta," in ji Alhaji, "garejin nan ya kalli inda mutane ke wucewa. Ban sayi mota don awaki su gani ba."

Na kuwa zuba basira. Banɗaki bai fuskanci alƙibla ba, bai ba ta baya ba. Ban juya ƙofar ɗaki ko ɗaya gabas ba, don ta can ruwa ke bugowa. Kicin na kai shi yamma saboda hayaƙi. Zaure da gareji suka kalli kudu, ɗakin Alhaji na manna shi a bayan garejin, yadda ko kaza ta taɓa motar zai ji. Daga ƙofar garejin zuwa dutsen iyaka taki huɗu ne, na zuba tsakuwa na daddaɓe, hanyar mota ke nan.

Akwai wata tsohuwa, Mma Azara, mai sayar da koko a gindin ɗorawa bakin hanyar. Ranar da nake zuba toka ta miƙo mini kwano ta ce, "Masta, ka san nan ba hanya ba ce ko? Filin wani soja ne, yana can kudancin ƙasar wurin aiki. Mu dai ratse muke yi don ya fi kusa."

Na yi dariya har na ƙware. "Mma, ke dama kokonki, ni in ja igiyata. Ina kika taɓa ganin filin da lori ke bi?"

"To," ta ce. "A ƙara sukari?"

Yanzu mu dawo ranar saƙon. Na sauka Bawku, na doshi gidan, sai na tarar da rami. Dogon rami ne mai zurfi har ƙugu, ya miƙe daga wannan dutsen iyaka zuwa wancan, daidai inda tsakuwata ta ƙare. Sojan ya yi ritaya ya dawo, ya haƙa harsashinsa lokacin da Alhaji ya bi lori sayen albasa. Mota kuma tana cikin gareji a kulle.

Na yi sallama. Alhaji ya amsa wa ƙasa.

"Masta, ka ci abinci?"

"Na ci, Alhaji."

"Madalla. Zo ka fitar mini da motata."

An kira safiyon, wani Mista Abugri mai Hausar koyo. Ya miƙa mini irin takardar nan ya ce in nuna masa hanya. Na ɗora yatsa a kan layin da ya fi mini kyau. Ya karɓi takardar a hankali, ya juya ta, ya mayar mini.

"Masta, kai ƙasa ka riƙe shi. Hanyan gwamnati yana nan, arewa. Ba a share shi ba tukuna, amma yana nan."

Wato wurin awaki.

"Ba kai ka ce 'Hmm, daidai' ba?" in ji Alhaji.

"Alhaji, ai kai ma ka ce kada awaki..."

"Ni albasa nake sayarwa! Albasa! Da na iya takarda, zan ɗauko ka tun daga Yendi?"

Na ce a fasa bayan garejin. Ya tuna mini gadonsa ne a wurin. Na ce a juya motar a kan tsakuwa. Motar ta fi taki huɗu tsawo. Muka je wa sojan da limamin unguwa. Mutumin bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce shekara da shekaru ana tattaka masa fili bai hana kowa ba, yanzu ya zo ya kwanta a abinsa. Jibi da safe zai zuba kankare. In motar ba ta fita ba kafin nan, ta zama ta cikin gida.

Washegari muka aro katakai masu kauri a tashar lori, muka gitta a kan ramin. Direban Alhaji ya leƙa ya ce shi yana da iyali. Dole aka tura ta da hannu, ni ina riƙe da sitiyari ta taga, ni da ko keke ban iya sosai ba. Unguwa kaf ta fito kallo. Alhaji ya juya baya yana jan carbi. Tayar gaba ta haye. Ta baya na kan katako sai muka ji ƙaras! Na ce shi ke nan, Mumuni, sunanka ya faɗa rami. Mutane suka yi kukan kura suka ingiza, ta haye da ƙyar, katakon ya rufta a bayanta.

Ina zaune a ƙasa ina haki, sai ga kwanon koko a gabana. Mma Azara ce ta ajiye shi, ta koma gindin ɗorawarta. Da ta zage ni ma da ya fi sauƙi.

Sati biyu na yi ina gyaran ɓarnata. Na toshe ƙofar garejin da bulo, ya zama ɗakin ajiye albasa, ɗakin Alhaji ya ɗauki warin har bayan ransa. Na fasa sabuwar ƙofa ta arewa, kusa da banɗakin nan da nake alfahari da shi, ta nan manyan baƙi suke shiga. Mota kuwa aka kafa mata rumfar zana a waje.

Shi ya sa, ku da kuke aiki da ni yanzu, kuke ganin ba na kafa turke sai an karanta mini takarda da ƙarfi, sai na taka kowane dutsen iyaka, sai na zauna wurin wadda ta fi kowa daɗewa a unguwar na ji abin da ta sani. Inda mutane ke bi daban, inda hanya take daban, kuma magini bai fi ƙarfin cewa "ban iya ba" ba.

Ranar da zan koma Yendi, Alhaji ya rako ni ta sabuwar ƙofa. Wani bunsuru na tsaye a kan motar, biyu na kwance a ƙarƙashinta. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Masta, ka gani? Kullum suna yabawa."