Kurket ɗin Iya da Mayafan Zulai

Matso kusa, 'yar'uwa, ja kujerar nan ki zauna. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, ko maigidana ban iya faɗa wa ba. In namiji ne kai ma kada ka tashi, ba ta mata ba ce su kaɗai.

Sunana Asabe, 'yar Zariya ce ni, shekarata tara a Guangzhou, a wani bene cikin unguwar Dengfeng, hawa na biyar. Maigidana yana harkar aika kaya gida, ni kuwa girki nake yi. 'Yan kasuwarmu na Kano da na Maraɗi, in abincin Sinawa ya ishe su, nan suke hawowa su ci tuwo da miyar kuka. Bokona bai wuce aji huɗu ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina kicin ina tuƙi, duk abin da aka faɗa a falo sai ya iso ni, har wanda aka faɗa ƙasa-ƙasa.

Ɗakin da ke jikin namu 'yan Pakistan ne, masu sayar da waya. Ranar da ake wasan kurket a talabijin, bango har rawa yake don ihunsu. Rannan babbansu, wani dattijo mai jan gemu, ya tsare maigidana a bakin ƙofa yana ba shi labarin 'yan wasan yankinsu na kan duwatsu. Wai dogaye ne, a lungu suke koyon jifa tun suna yara, in sun sako ƙwallo sai ka ji ƙararta kafin ka gan ta, amma da yawansu ba sa daɗewa gwiwa ke kayar da su. Maigidana ya shigo yana fassara mini yana dariya, wai shi bai fahimci komai ba. Na ce ni na fahimta.

Ya ce, "Ke Asabe? A ina kika san kurket?"

Na ce, "A bakin murhun Iya."

Iya kakarmu ce, mahaifiyar babanmu. Lokacin tana amarya, kakanmu yana aikin gyaran filin wasa na ma'aikatan jirgin ƙasa, yana jan wani ƙaton ƙarfe mai birgima don ƙasa ta kwanta. Ita ke kai masa abinci, sai ta zauna gindin darbejiya ta yi ta kallo. Shi ya sa in sauran kakanni suna ba da labarin namun daji, tamu kurket take kawowa. Bayan magariba, an sauke tuwo, garwashi bai mutu ba, sai ta jera masara a kai, mu kewaye ta mu bakwai. Zulai ƙanwata, wadda nake bai wa shekara uku, kullum tana kan cinyarta. Ni kuwa ina gefe da tukunya, ina kankare ƙanzo, don ni ce babba.

Iya takan ce, "Ga wata nan ta taso daga bakin layin dogo, wa zai tare ta?"

Mu ce, "Mu ne, Iya, sako ta!"

Sai ta ɗauki muciya, ta ce ita ce katakon bugu. Ta kafa karare uku a toka, ta ce su mai bugu yake tsaro, in ƙwallo ta taɓa su ya fita. Masu bugu biyu ne a fili, ɗaya nan ɗaya can. In an buga sai su ruga su yi musayar wuri, kowace musaya maki ɗaya. Amma in aka dawo da ƙwallo aka bugi kararen kafin ka isa layinka, ka mutu, sai ka tattara ka fita. To ga inda maganar take. In ƙwallo ta wuce ta bayan mai bugu, shi ba ya ganinta. Abokinsa da ke fuskantarsa shi ke gani, shi ke kira. In ya ce "Zo!" sai ka ruga ba waiwaye, don waiwayen kansa ɓata lokaci ne.

Labarin da muka fi roƙo shi ne na Garba da Sule, wa da ƙane, waɗanda ta ce ta gan su da idonta. Kamfanin jirgin ƙasa ya ɗauke su aiki su biyu saboda wasan kawai. Garba, babban, ana ce masa Ƙyaure. Shi ke fara shiga da sassafe, lokacin ƙwallo sabuwa ce mai tauri kuma masu jifa suna da ƙarfinsu. Ba ya ɗaga katako sama. Iya sai ta dangwara muciya a ƙasa, ta ce, "Tik. Haka. Tik. Tun hantsi har azahar." Ƙwallo ta same shi a haƙarƙari, ta same shi a yatsa, ba ya motsi. 'Yan kallo su yi ta hamma, masu gyaɗa su yi ciniki.

Sai rana ta take, ƙwallo ta yi laushi, masu jifa sun jiƙe da gumi, sannan Sule ya shigo yana juya katako kamar sandar rawa. Shi Tsawa ake ce masa. Bugu ɗaya ƙwallo ta haye katanga, har ta taɓa fasa gilashin taragon da ke ajiye. Mata su yi guɗa, yara su bi shi har gida. Ba wanda ya taɓa bin Garba ko zuwa bakin titi. Matarsa ce kaɗai ta san kalar haƙarƙarinsa, don ita ke gasa masa da ruwan zafi.

Rannan wani babban mutum ya zo daga Ikko neman ɗan wasa ɗaya da zai tafi da shi. Garba ya tsare safiya kamar kullum, ya sha duka, mutumin yana karanta jarida. Da Sule ya shigo sai ya naɗe jaridar. Sule ya yi ta bugu har saura kaɗan ya cika maki ɗari, fili ya ɗauki sunansa. Sai wata ƙwallo ta goge katakonsa ta wuce bayansa tana birgima a ƙasa, kai tsaye wurin wani mai tarar ƙwallo na ɓangaren masu jifa. Garba ya gani sarai. Ya san ba gudu a wurin.

A nan Iya takan tsaya ta juya masara, mu kuwa kamar mu mutu.

"Sai ya ce, 'Zo!'"

Sule ya rugo, kansa a ƙasa. Garba ya yi taku biyu, ya koma layinsa ya tsaya. Sule ya tsinci kansa a tsakiyar fili, ya juya, kafin ya kai an watsar da kararensa. Da zai fita sai ya bi ta gefen wansa, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Yaya, muryarka na ji."

Mutumin Ikko ya koma ba kowa. Shekara ta zagayo ya dawo ya ɗauki Sule duk da haka, ya yi shekaru yana wasa a can, ya dawo da kaya da suna. Ba su taɓa faɗa ba, in ji Iya, kwano ɗaya suke ci har tsufa. Sai dai duk ranar da suka sake shiga fili tare, in Garba ya ce "Zo," Sule sai ya juya wuya ya duba da idonsa tukuna. Iya ta ce, "Waiwayen nan shi ya tsufar da Garba, ba dukan ƙwallo ba. To, ta ƙare, kowa ya karɓi masararsa."

Zulai takan yi tsalle a cinyar Iya tana cewa, "Ni ce Sule! Ni ce Tsawa!" Wani dare na kasa haƙuri, na ce, "Iya, amma ai Garba ne ya sha dukan safe."

Ta daɗe tana kallona ta cikin hayaƙi. Ta ce, "Shi ne, Asabe. Ban ce ba shi ba ne." Ta karya masara ta miƙo mini babban ɓangaren.

Shekara uku ke nan da Zulai ta zo Guangzhou sarin kayan mata. A ɗakina ta sauka, ni na nuna mata inda ake samun nama na halal, ni na yi jinyarta da sanyin garin ya kayar da ita. Kafin shekara ta kama ɗakinta kusa da kasuwar Tianxiu, tana ciniki da Sinanci, tana shiga jirgin ƙasa ita kaɗai zuwa masana'antu. Ni da na riga ta da shekara shida, Sinancina bai wuce sannu da na gode da "meyo" ba, wato babu. In Inna, mahaifiyarmu, ta bugo waya daga Zariya, gaisuwa biyu sai ta ce, "Ina Zulai? An ce ta sake aiko kwantena." Ni kuwa sai a tambaye ni ko kukar da aka aiko ta isa.

Amma abin da mutane ba su sani ba, rabin sa'ar Zulai daga kicin ɗina take fita. Kafin ta sayi komai sai ta kira ni: "Yaya, me kunnenki ya ce?" In na ji 'yan kasuwa suna cewa kaza ya yi ƙaranci a kasuwar Kwari ta Kano, in gaya mata. In na ce bari, ta bari. In na ce ɗauki, ko lawban, wato mai shagon, ba ta ƙara tambaya, sai ta sa a ɗaure. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ni ma ban taɓa ce mata ta faɗa ba. So nake ta faɗa da kanta.

Wata Laraba kafin azumi falona ya cika. Wani Alhaji ɗan Maraɗi, bakinsa cike da tuwona, ya ce, "Wallahi Hajiya Zulai ta fi maza goma. Jiya na ga ta sa Basine yana ba ta haƙuri."

Maigidana ya ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya fa da ta cikin kicin. Amma ta kicin ɗin in ka ajiye ta a titin Huanshi nan kusa, sai an yi cigiya."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ɗaga murya, "Hajiya Asabe, a ƙaro miya, kada ki ji haushi!" Na ƙaro, har da murmushi. Ina juyawa na ji biyu daga cikinsu sun rage murya suna maganar wani mayafi mai duwatsu a baki, ruwan toka da ruwan hoda. Wai manyan Kwari sun riga sun loda shi kwantena kan kwantena, kafin sallah a baro za a riƙa tallarsa.

Ko kwanukan ban gama wankewa ba waya ta yi ƙara. Zulai ce, cike da murna. "Yaya, ina gaban lawban. Wani mayafi ne mai duwatsu a baki, ruwan toka da ruwan hoda, kin ga kyau? Ya ce in ina so in kwashe duka. Me kunnenki ya ce?"

Ina riƙe da soso, kumfa na zuba a ƙafata. Dariyar falon nan ba ta bar kunnena ba. Na ce, "Ban ji komai ba. Ɗauki mana."

Ta ce, "Shi ke nan, Yaya," ta kashe. Ko daƙiƙa ɗaya ba ta tsaya ba.

Mayafan sun isa Kano sun tarar da 'yan'uwansu a kan kowace baro. Har yau suna jibge a bayan shagon wani ɗan'uwanmu. Bayan sallah ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ya haɗu da ita, ya ce, "Ayya Hajiya, ai a gidan yayarki muka yi maganar nan." Ranar Juma'a ta zo kamar yadda ta saba, ta ci tuwo, ta yaba miya, ta taya ni share falo. Tana ɗaura mayafinta za ta tafi ta ce, "Yaya, ashe ranar Larabar nan kina gida."

Na ce, "Ina gida."

Ta ce, "To. Sai da safe."

Ba ta daina zuwa ba, ba ta daina kirana ba. Har yanzu takan ce, "Me kunnenki ya ce?" Ina faɗa mata gaskiya tsantsa, har da ƙari. Sai ta ce, "Na gode, Yaya. Bari in ƙara tambaya."

Da muna yara na ɗauka Iya tana ba mu labarin ne don mu tausaya wa Sule, mu tsani Garba. Yanzu na gane Sule bai rasa komai ba sai shekara ɗaya, Zulai ma ta riga ta farfaɗo, takalma take aikawa. Garba kuwa abu ɗaya yake da shi wanda duk filin ba mai irinsa: mutum guda da zai ruga da ido rufe saboda muryarsa. Ba tafi ba ne, ba a bin mutum gida saboda shi, shi ya sa bai san girmansa ba sai da ya kashe shi da bakinsa. Ina jin Iya ta hango wannan a fuskata tun ina kankare tukunya, ta rasa yadda za ta yi da ni sai dai ta ba ni babbar masara.

Kuma kada in yi miki ƙarya, abin bai fita daga raina ba. Makon jiya da aka ce ta sami sabon mai saye daga Yamai, sai da ƙirjina ya yi zafi kafin bakina ya ce Allah ya sa albarka. Ina sonta, ina jin zafinta, duka a ciki ɗaya.

Jibi Juma'a za ta zo. Ta san na ji, na san ta sani, ba wanda ya furta. Wani lokaci in ce gara in zaunar da ita in ce, "Zulai, na ji, da gangan na ce ki ɗauka." Wani lokaci in ce in na faɗa, ɗan abin da ya rage ma zai tafi, ko tuwon ta daina zuwa ci. Ke da kika saurare ni har nan, in ke ce a gaban tukunyar nan jibi, za ki faɗa mata, ko za ki zuba mata miya ki yi shiru?