Kalilu da Rijiyar da Ya Ɓoye wa Masu Safiyo

Baba Kalilu bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko labari yake ba ka, sai ya miƙe ya gyara darni, ya dawo ya ci gaba. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Kamarawa. Yana ɗan shekara talatin ya yi wa masu safiyo, wato masu auna ƙasa, jagora, yana ja musu sarƙar awo daga Isa har Sabon Birni. Duk tudu ko fadamar da suka tarar sai su tambaye shi sunanta, su rubuta.

Bayan ƙauyensu akwai wani kwari da ake kira Rijiyar Mayaƙa. Tsofaffi sun ce can aka gwabza a zamanin yaƙe-yaƙen Gobir, aka binne mutane gabas da rijiyar, aka cike ta. Ba a noma wurin, ba a nuna wa baƙo. Da masu safiyo suka ji sunan suka ce a kai su, sai Kalilu ya ja su wani faƙo mai nisa, ya ce nan ne. Suka kafa dutse, suka rubuta.

Bayan shekara ashirin fari ya zo. Damina biyu gero bai fid da kai ba, rijiyar gari ta koma laka, gida-gida ana ɗaure kaya ana yin kudu. Sai ga motar masu haƙa burtsatse da taswirar masu safiyo. Suka ga sunan rijiya, suka ce lalle ruwa na kusa, suka kafa inji a kan faƙon.

Kwana uku Kalilu na kai da komo tsakanin gida da faƙo. Ƙura kawai ke fita.

"Malam, ƙafarka ta fi injin nasu aiki," in ji matarsa Zulaihatu. "In da magana, hwaɗi. In babu, jibi za ni bin mutane Gusau da ɗiyana."

Ya tafi wurin abokinsa Yero, makiyayin da shanunsa suka koma bakwai, ya gaya masa komai.

"Ashe kai kac cuce mu, Bagobiri!" in ji Yero.

"Ubana yab bar min amanar wurin."

"Ubanka na jin ƙishi yanzu? Shanuna na ji."

Rana ta huɗu Kalilu ya tari shugaban masu haƙa, ya ce shi ne ya yi ƙarya tun farko. Mutumin ya dube shi, ya dubi takarda, ya ce man inji ya ƙare, kuma ana jiransu a garin Bafarawa. Suka naɗe kaya suka tafi.

Kalilu bai shiga gida ba. Ya ɗauki diga da igiya, Yero ya bi shi da guga har kwarin Rijiyar Mayaƙa. Ya ƙirga taku daga kaburbura zuwa yamma, ya yi wa mamatan addu'a, ya fara sara. Zulaihatu ta ƙara masa mako guda, ba ƙari. A zurfin gaba shida yashi ya fito da danshi, washegari ruwa ya taru har gwiwa.

Zulaihatu ta kwance kayanta. Dattawa biyu da suka ce ya ci amanar wurin ba su sake gaisawa da Kalilu ba har suka rasu, ko da yake a nan matansu ke ɗibar ruwa.