Muryar Rabi a Tsohuwar Kwamfutata

Abokaina na zauren 'yan fansho, da ana mayar da magana ciki, da na mayar da "babu komai" ɗin da na faɗa wa mai gyaran kwamfuta.

Shekara biyu kwamfutata tana damuna in koma sabon tsari, ni kuwa kullum "daga baya" nake dannawa. Har takarda na manna a gefen gilashin don kada in riƙa ganin saƙon. 'Yata Jummai ta roƙe ni kada in taɓa komai sai ta zo ta kwashe muryar mahaifiyarta, marigayiya Rabi, wadda ta naɗa a ciki tana jinya. Da injin buga takarda ya daina aiki da tsohon tsarin, na kai kwamfutar shago. Mai gyaran ya tambaye ni ko akwai abin da za a fara kwashewa. Shagon cike da mutane, ni kuma da na yi shekara talatin kan tafireta na ji kunyar a ce ban gane tambayar ba. Na ce babu komai, ya share ta tas.

Jiya bayan azahar na kishingiɗa, na yi wani mafarki. Na ga kaina a tsohon gidanmu, amma an sauya wa ɗakuna wuri. Inda madafa take ya zama zaure, randar ruwa kuma tana rataye a bango. Na nemi ƙofar ɗakin Rabi inda na saba, babu. Sai kawai na ji ta a bayan wani shuɗin bango, tana bayanin yadda ake miyar kuka, tana tari, tana cewa Jummai ta rage kanwa. Daidai yadda ta faɗa a naɗin.

Na ɗora hannu a bangon, sai ya nemi lambar sirri. Na rubuta sunanta, ya ƙi. Na rubuta shekarar aurenmu, ya ƙi. Wani ɗan zobe yana ta juyawa a sama, an rubuta kada a kashe. Sai kawai ga mai gyaran zaune a kan turminta, yana ta maimaita tambayarsa.

Sai muryar ta daina zancen miya.

"Malam, kai ne a nan?"

Na ce ni ne, ta buɗe mini.

"Ai sai daga baya," in ji ta, tana 'yar dariyar nan tata. "Ba haka ka saba ce mini ba?"

Haka na saba kuwa. Rufin ɗakinta, ziyarar 'yan'uwanta, har zuwa asibitin farko, duk abin da na ce mata ke nan.

Na farka ana kiran la'asar, hannuna a jikin bango.

Jummai za ta zo ran Asabar da 'ya'yanta, su ji muryar kakarsu. Sau biyu tana tambayata a waya, ina ce mata komai yana nan. Masu ilmi a cikinku, me mafarkin nan ke nufi? Dariyar nan yafiya ce, ko ce mini take in daina ɗage gaskiya? Don Allah maganar ta tsaya a zauren nan, kada wani ya kai wa Jummai. A bakina ya kamata ta ji.