Zuwa Rugar Ardo Buba da Abin Wuyan Shanu

Daura

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da 'yata Hadiza, da wani kwali da ta rungumo tun daga Kano ta hana kowa taɓawa. Hadiza injiniya ce. Aikinta haɗa abubuwan da ba su da baki da intanet: injin ban-ruwa, mitar wuta, yanzu kuma shanu. A cikin kwalin akwai abubuwan wuya na shanu, kowanne da ɗan faifan sola a bayansa. Saniya na kiwo, shi kuma yana aika labarinta zuwa waya: inda take, ko tana tuƙa ko ta daina, ko ta doshi gonar mutane. Inda babu sabis sai ya bi ta tauraron ɗan'adam.

Labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya, don haka ba ni da faɗa da abin da ke zana taswira da kansa. Ardo Buba ne ya fito da ni. Shanun gidanmu suna hannun gidansu tun zamanin iyayenmu, kuma riƙon yana da doka ɗaya da kowa ya sani: mai shanu ba ya tambaya. Idan saniya ta haihu za a zo a gaya maka, idan ta mutu za a kawo maka fata. Ranar da ka ce "suna ina?" ka nuna ka daina yarda, sai a koro maka dukiyarka har ƙofar gida, zumunci ya yanke. Hadiza ta so ta ba direba kwalin ya kai. Na ce da ƙafata zan je.

A tasha muka sami ƙaramar mota wadda masu ƙera ta suka yi wa mutum biyar, direbanta kuwa yana da nasa ra'ayin. Ya nemi ya jefa kwalin a but tare da buhunan gishiri, Hadiza ta ce a cinyarta zai zauna.

"Hajiya, jariri ne?"

"Ya fi jariri saurin fushi," in ji ta.

Zango

Rana na ɗagawa muka iso shingen kwastan. Jami'in ya leƙo, idonsa ya tsallake gishiri ya sauka kan kwali.

"Baba, me ke ciki?"

"Abin wuyan shanu ne, ranka ya daɗe. Irin mai waya."

Ya ɗauki guda ya juya shi. "Saniya da waya? Wa za ta kira?"

Wani dillalin awaki da ke matse da ni tun Daura ya ce, "Mahauci mana, ta ba shi haƙuri." Jami'in ya yi dariya, ya duba takardun da Hadiza ta miƙa masa, ya ɗaga mana hannu.

Baure

Nan muka karya da koko da ƙosai mai zafi a bakin titi. Gero ya yi kai dama da hagu, ba a fara girbi ba. Wannan ne lokacin da makiyayi ba ya samun barci, don da zarar saniya ɗaya ta kauce daga burtali ta shiga gona, sai a kwana a gaban mai gari. Hadiza ta ce abin wuyan yana sanin iyakar gona, kafin saniya ta kai ya sanar. Direba ya ce shi dai a ƙera wanda za a rataya wa fasinjan da ke sauka bai biya ba.

Babban Mutum

Kafin mu shiga gari wayata ta yi ƙara, na duba na ga saƙon yi mini maraba da zuwa Nijar, alhali ba mu tsallaka iyaka ba. Shekaru na yi ina nuna wa ɗalibai wannan iyaka a allo, ashe sabis bai halarci ajina ba. A bakin kasuwa kuma ga wani shago da farin faranti a kan rufinsa, samari sun kewaye shi suna sayen intanet da ke saukowa kai tsaye daga sama.

Muka sauka gidan wani tsohon ɗalibina, Sani, wanda yanzu ma'aikacin asibiti ne. Muka ci tuwon gero da miyar kuka, bayan azahar ya samo mana babura biyu. Yashin hanyar ruga ya sa na karanta duk addu'ar da na haddace.

Ruga

Ardo Buba ya tarbe mu yadda ya saba. Sa'ana ne, amma yana tafiya kamar wanda gwiwa ba ta taɓa yi wa magana ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da kindirmo, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare muka sake sabuwa. Na shirya in shigo da zancen a hankali, ta bayan gida, amma Hadiza ta riga ni buɗe kwali.

Ta yi bayani mai kyau, ba zan rage mata ba. Ardo ya saurari zancen tuƙa yana gyaɗa kai, zancen gona kuwa har ya matso. Sai ta ɗaga wayata ta nuna masa taswira.

"Kuma Baffa, Baba yana kwance a ɗakinsa a Daura zai riƙa ganin duk inda kuka kai su, safe da yamma."

Ardo ya ajiye ludayi. Bai dube ta ba, bai dube ni ba. Ya kira babban ɗansa ya ce, "Gobe da safe ka ware shanun Malam."

"Ardo, ba haka ba ne," na ce.

"Babu komai, Malam. Tafiya ta yi wa idonka nisa. Gara su kwana a ƙofar gidanka ka riƙa ganinsu ba sai da waya ba."

Ya raka mu har wajen babura da fara'arsa, abin da ya fi faɗa ciwo.

A gidan Sani, bayan magariba, Hadiza ta kasa cin abinci. Ta ce ita tsaro take nufi. Na ce na sani, shi ma ya sani, amma abin da ta faɗa tambaya ce da za a riƙa yi masa kullum ba tare da an buɗe baki ba. Sai na yi mata tambaya ɗaya, irin ta jarrabawa: labarin da abin wuyan ke aikawa, dole ne ya zo wayata?

Ta ce a'a. An gina shi ne yadda mai mabuɗi kaɗai ke gani, kuma ana iya mayar da mabuɗin ga wani. Ko ƙaramar waya ce, na'urar za ta kira ta yi magana da Hausa.

"Amma Baba, ai shanunka ne."

"Shanun nawa ne. Kiwon nasa ne."

Ruga, washegari

Muka tarar an riga an ware shanuna gefe guda, an ɗaure maruƙa, ɗan Ardo na tsaye da sanda. Ban taɓa ganin dukiyata ta ba ni tausayi irin na wannan safiya ba.

Na zauna kusa da Ardo, na ce ya ba Hadiza wayarsa. Ya zaro ta daga aljihu, 'yar ƙarama ɗaure da roba. Hadiza ta yi danne-dannenta, sannan na ɗaga tawa a gabansa, ta goge taswirar yana kallo.

"Daga yau kai abin wuyan zai riƙa kira," na ce. "Ni ba ni da mabuɗinsa."

"Ba za ka ga komai ba?"

"Sai abin da ka gaya mini."

Ya nuna Hadiza da baki. "Ita fa?"

"Baffa, ko lalacewa ya yi, sai ka ba ni izini kafin in duba."

Ya daɗe yana juya abin wuyan a hannunsa. "Yana jin Fulatanci?"

"Ana koya masa."

"To ya yi sauri, 'yata. Shanun nan ba sa jin Hausa."

Ya miƙe da kansa. Na zaci wajen nawa zai nufa, sai ya wuce su, ya kira wata jar saniya tasa mai jan garke, ya ɗaura mata na farko. Aka kora ta wajen wata gonar dawa don gwaji. Tana dosar kunya ta farko wayarsa ta yi ƙara, wata murya ta yi sallama ta ce saniya ta kusa gona. Ardo ya amsa sallamar cikakkiya, ya kashe, ya juya wajen ɗansa.

"Me kake jira? Rana na yi. Haɗa su ku tafi."

Na tsaya ina kallo har nawa suka ɓace a cikin nasa, na kasa bambance su, hankalina ya kwanta.

Komawa

Muka ɗauko ƙwaryar man shanu da aka ba Hadiza, muka yi sallama da Sani, muka sami motar Daura bayan azahar. A shingen Zango jami'in jiya ya tambaya ko saniyar ta kira. Na ce ta kira, amma ba ni ba.

Mun iso gida ana kiran la'asar. Ina cire takalmi wayata ta yi ƙara, Ardo ne.

"Malam, kun isa lafiya? Suna fadamar gabas, sun sha ruwa. Karsanar nan taka mai farin goshi ta kusa haihuwa."

"Ardo, ai ban tambaye ka ba."

"Shi ya sa na gaya maka," ya ce, ya kashe.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga Sani da iyalinsa saboda masauki, ga Hadiza kuma da ta yarda ta goge aikinta daga wayar ubanta.